Wata Huɗu Kana Gudu, Madubi Bai Ce Komai Ba: Ina Wahalar Take Tafiya?

Ana saura mako biyu babbar sallah na kai wa telana yadi. Shekara da shekaru shi ke yi mini ɗinki, awona yana cikin wani tsohon littafi da bangonsa ya sha man keke, don haka ba ya ma ɗauko tef idan na zo. Ranar dai ya ƙare mini kallo, ya ce in ɗaga hannu. Ya zagaya tef a ƙuguna, ya leƙa littafi, ya sake zagayawa.

"Malam, inci biyu fa sun tafi a nan. Ciwo ka yi ne ba mu ji ba?"

Na ce lafiyata lau, gudu nake yi bayan sallar asuba. Abin da ban gaya masa ba shi ne, kwana uku kafin nan na hau sikeli a wani kemis, na tarar da nauyina yana nan inda na bar shi wata huɗu da suka wuce, ko kilo ɗaya cikakke bai ragu ba. Na koma gida raina a ɓace, na tsaya gaban madubi, na ga mutumin da na saba gani, da tumbinsa da komai. A zuciyata har na yanke shawarar tura kambas ɗin ƙarƙashin gado.

Shaidu uku ke nan a kan jiki ɗaya, a mako ɗaya. Sikeli ya ce babu, madubi ya ce babu, tef ɗin tela ya ce akwai. Akwai kuma na huɗu da ban ma saurara ba. Hanyar da nake bi daga ƙofar gida zuwa shataletale, a makon farko sai na tsaya sau huɗu na dafa gwiwa, ina haki maƙogwaro na zafi. A wata na huɗu ina zuwa in dawo ban tsaya ba, har ina amsa gaisuwar mai shayi da cikakkiyar murya yana hura wuta.

Yawancin waɗanda na sani da suka fara gudu suka bari, tsakanin mako na shida da wata na uku suka bari, kuma bakinsu ɗaya: "Ni fa ban ga wani canji ba." Gani suke nema. Jiki kuwa ba ya fara gyara daga inda ido ke kaiwa. Yana da tsarin da yake bi, daga ciki zuwa waje, siffa ce ta ƙarshe a layi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a harkar gudu sai labarin ya kwana biyu kafin ya iso fuska.

Abin da ke fara motsawa jini ne. Cikin kwanakin farko, kafin ma a cika mako biyu, jiki yana ƙara yawan ruwan da ƙwayoyin jini ke iyo a cikinsa. Ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa fiye da yadda ta saba, domin yanzu ana neman jini ya yi aiki biyu lokaci guda: ya kai iskar oksijin ga ƙafafu, ya kuma je fata don a yi gumi a huce. Wannan ƙarin ruwa alheri ne tsantsa, sai dai ruwa yana da nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Shi ya sa wani zai hau sikeli bayan kwana goma da fara gudu ya ga ma ya ƙaru, hankalinsa ya tashi, alhali jikinsa ne ya karɓi aikin.

Daga nan sai zuciya. Da jinin da ke komawa cikinta ya ƙaru, sai ta riƙa cika sosai, kowane bugu ya tura jini mai yawa. Abin da take yi da bugu goma a da, yanzu tara ko takwas sun isa. Bugun zuciyar baligi a zaune yana tsakanin 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Waɗanda suka daɗe suna dogon gudu sukan sauko hamsin da wani abu, wasu har arba'in da wani abu. Ka ɗauka naka ya ragu da 10 kacal a minti. A yini ɗaya bugu 14,400 ke nan aka ɗauke wa zuciyarka. Babu madubin da zai nuna maka wannan, amma yatsu biyu a kan wuyan hannu za su gaya maka da safe kafin ka sauko daga gado.

A cikin tsoka ma ana gini. A kowace ƙwayar tsoka akwai wasu 'yan ƙananan murahu da masana ke kira mitokondiriya, a nan ne ake ƙona suga da kitse da iska su zama ƙarfi. A 1967 wani likita mai bincike a Amurka, John Holloszy, ya sa ɓeraye gudu mai tsanani na tsawon makonni, ya tarar da sinadaran aikin waɗannan murahu sun kusa ninkawa a tsokarsu. Daga baya aka tabbatar haka abin yake ga mutum. Ƙananan hanyoyin jini su ma suna tsirowa a kewayen tsoka kamar yadda manomin rani ke ƙara kwalbati a gona. Tsokar kuma ta koyi ajiye guzuri, wani nau'in suga da ake kira gilaikojin, wanda kowane giram ɗinsa ke riƙe ruwa kimanin giram uku. Ga wani nauyin kuma da sikeli zai lissafa a kanka ba tare da ya ce maka na alheri ne ba.

Masu nawa a wannan tafiya su ne ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara. Jini ba ya isa ga jijiyoyin da yawa, ƙashi kuma a hankali yake sabunta kansa, don haka gyaransu na watanni ne. A nan ake yawan yin ɓarna. Mutum ya kai mako na biyar, numfashi ya buɗe, zuciya na cewa a ƙara, madubi kuma na cewa har yanzu babu komai, sai ya ninka tafiyar a mako ɗaya. Ƙwauri ya fara zogi, ko gwiwa, ko diddige ya hana shi taka ƙasa da safe. Huhu ya shirya, ƙashi bai shirya ba. Yawancin raunin sababbin masu gudu daga wannan gaggawa yake, gaggawar kuma sau da yawa rashin gamsuwa da siffa ce ke hura ta.

To, kitsen fa? A nan sai mun yi lissafi, kuma lissafin ba ya faranta rai. Gudu yana cin kusan kalori ɗaya, wato ma'aunin kuzarin abinci, a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Mai kilo 70 da ya yi kilomita 5 ya ƙona kimanin kalori 350. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Wato sai ya yi kilomita 110 kafin kilo ɗaya ya tafi, idan cinsa bai ƙaru ko da loma ba. Mai fita sau uku a mako zai kwashe mako bakwai da 'yan kai kafin ya haɗa wannan tafiya. Lemon kwalba na rabin lita kuwa yana da kalori kusan 200, cokalin mai babba ɗaya kusan 120. Ka dawo da yunwa, ka ƙara ƙosai biyar a kan kokon da ka saba, ka kora da lemo mai sanyi da rana don ka ji ka cancanta, an biya bashin kilomita biyar ɗin har da riba.

Ba kwaɗayi ba ne kawai. Jiki yana da rowar kuzari. Wanda ya yi gudu da asuba yakan rage zirga-zirga da rana bai sani ba: inda da zai taka zuwa bakin titi, sai ya tari ɗan sahu. A 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa suka auna kuzarin da mutanen Hadza na arewacin Tanzaniya ke ƙonawa, mutanen da ke yini suna yawon farauta da tonon saiwa. Suka tarar, idan an yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa a yini bai yi nisa da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Jiki yakan tsuke wani wuri idan an buɗe masa wani. Wannan ba ya nufin gudu ba ya rage ƙiba. Yana ragewa, a hankali, kuma ya fi ƙwarewa wajen hana ta dawowa. Amma duk wanda ya ce maka za ka zubar da kilo goma a wata ɗaya da gudu kaɗai, wani abu yake son sayar maka.

Sikelin kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Nauyin mutum yakan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya ko biyu a cikin yini, gwargwadon abin da ya ci, gishirin da ke ciki, ruwan da ya sha, da ko ya zaga. A zafi, mai gudu yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye ta gumi cikin awa ɗaya. Wannan ne ke yaudarar samarin da nake gani suna naɗe ciki da leda ko su sa rigar roba a cikin bazara, wai don kitse ya narke. Abin da ya fita ruwa ne, zai dawo da moɗa biyu, kuma kafin ya dawo ƙoda da zuciya sun sha wuya a banza. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga haka, domin mutum yana iya faɗuwa a kan hanya saboda wannan.

Me ya sa tef ɗin tela ya ga abin da sikeli bai gani ba? Kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda kake iya damƙa da hannu. Akwai kuma na can ciki, wanda ke naɗe da hanji da hanta, shi ne ke turo ciki gaba ya yi tauri kamar ganga. Wannan na biyun ne ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, kuma shi ne ya fi saurin jin gudu. Yana iya raguwa ko da sikeli bai motsa ba. Sai ruwan jini da guzurin tsoka da ɗan ƙarin naman cinya da sharaɓa su cike gurbin nauyin. Na ce ɗan ƙari, domin gudu ba ya tara tsoka kamar ɗaga ƙarfe, kuma kitse ba ya rikiɗa ya zama tsoka kamar yadda ake faɗa. Abu biyu ne daban, ɗaya na raguwa ɗaya na ƙaruwa.

Akwai awon da ba ya bukatar ko kwabo. Ka samu zare, ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa tsakar ka, ka yanke, ka ninka shi biyu. Ka zagaya shi a cikinka, ɗan sama da cibiya, bayan ka saki numfashi ba tare da ka shanye cikin ba. Idan bakin zaren ya haɗu, ƙugunka bai kai rabin tsawonka ba, wannan kuwa shi ne ma'aunin da hukumar tsara ka'idojin lafiya ta Ingila ta ba da shawara a kai a 2022. Idan bai haɗu ba, ka ga tazarar da ta rage, ka ajiye zaren, ka sake gwadawa bayan wata biyu. Zariyar wando ma tana wannan aikin ga mai lura.

Ko da zaren bai taɓa haɗuwa ba, wahalar ba ta tafi a banza ba. A 1989 Steven Blair da abokan aikinsa a birnin Dalas na Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mutum sama da 13,000 da aka auna juriyarsu a kan injin gudu. Waɗanda suka fi kowa rashin juriya su ne suka fi mutuwa da wuri, kuma babbar riba tana wurin fita daga wannan rukuni na ƙasa zuwa na gaba da shi, ba sai mutum ya zama zakara ba. Shekara goma bayan haka suka nuna cewa maza masu ƙiba da ke da juriya sun fi sirara marasa juriya tsira. Na san siraran da hawa bene ɗaya ke sa su neman kujera, na kuma san wani mai teɓa da ke zagaya Murtala Square a Kaduna ya bar samari a baya.

Madubi kuma matsalarsa daban ce. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ya san kimar hatsin wani, ba ta jikin mai shi ba. Uwa ba ta ganin girman ɗanta, sai baƙuwar da ta shekara ba ta zo ba ta ce, "Kai, wannan ne ya zama haka?" Canjin da ke zuwa kaɗan-kaɗan ba ya kama idon da ke kallo kullum. Sannan ba ma kallon jikinmu gaba ɗaya. Ido yana zarcewa kai tsaye wurin da muka tsana, ciki ko cinya ko damtse, ya tsaya a nan. Ranar da ka tashi da baƙin ciki madubin ya fi muni, alhali jikin jiya ne. Kuma wurin da ka fi matsuwa ya ragu, galibi shi ne na ƙarshe, domin inda jiki ke fara ɗebe kitse gado ne da jinsi, ba zaɓinka ba. Atisayen ciki sau ɗari yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen da ke kanta ya ƙona. Mutane da yawa fuska da wuya ne ke fara faɗawa, tumbi na nan.

Wannan ne ke jefa mai gudu a ƙasarmu tsakanin madubi biyu. Na farko yana cikin waya. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya bayyana cewa mutum yana auna kansa ne da waɗanda yake gani. A da waɗanda kake gani 'yan unguwarku ne. Yanzu Instagram da TikTok na jero maka ciki shafaffe ɗari kafin ka karya, kowanne an zaɓo shi daga hotuna masu yawa, an gyara haske, an shanye ciki, an karkata ƙugu. Kai kuma kana gwada su da kanka a ƙarƙashin ƙwan banɗaki.

Na biyu yana tsakar gida. A wurinmu "ka yi ƙiba" yabo ne, "hutu ya karɓe ka" addu'a ce da ta ci. Ranar da na je gaishe da gwaggona, ta riƙe haɓata ta juya fuskata gefe da gefe. "Ɗan nan, lafiya kuwa? Duk ka zabge. Ko wani abu ke damunka kake ɓoye mana?" Kafin in amsa ta sa an ƙaro miya. Ita rama take gani a fuska, ni ƙiba nake gani a ciki, duk a jiki ɗaya. Ba na raina wannan tambaya tata ko kaɗan. Ta rayu a zamanin da rama ke nufin yunwa, ko tarin fuka, ko wani ciwon da ba a son ambata. Ƙauna ce ke magana da harshen abin da ta gani. Amsar da ta fi aiki ita ce ka ci abincin a gabanta da kyau, ka gaya mata barcinka ya gyaru, ka ɗauke mata buhun da ke zaure.

Nauyin wannan ya fi sauka a kan mata. Matar aure da ta fara motsa jiki ta ɗan faɗa, maganar ba ta tsayawa a kanta, har mijin za a taɓa, a ce ba ya riƙe ta da kyau. Budurwa kuma ana so ciki ya lafe amma ƙugu da ƙirji su cika, haɗin da gudu ba ya iya bayarwa bisa oda. A gefe ɗaya ga masu tallar shayin rage tumbi, wanda yawancinsa gudawa da fitsari kawai yake sawa. A ɗaya gefen ga magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda a cikinsu ake samun irin su dekizametason, maganin da ke tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Macen da ta daure duk da wannan, tana zagaya tsakar gida ko filin wasa da hijabinta da sassafe, tana bukatar wani ma'aunin da ba bakin mutane ba.

Akwai kuma hoton da muke ɗauke da shi na yadda mai gudu ya kamata ya kasance: siriri, ƙafafu kamar sillen kara. Daga talabijin muka samo shi. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ranar 12 ga Oktoba 2019, tsawonsa mita 1.67 ne, nauyinsa kilo hamsin da 'yan kai. Amma Usain Bolt na Jamaika ma mai gudu ne, da tsawon mita 1.95 da nauyin da ya haura kilo 90. Tobi Amusan 'yar Najeriya, da ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, jikinta a murɗe yake. Kowane tsere yana tace irin jikin da ya dace da shi daga cikin dubban mutane. Ƙwallon kwando ba shi ya sa 'yan wasansa tsawo ba, dogaye ne suka yi saura a ciki. Duk wanda ya kalli ƙarshen gudun fanfalaki na Legas, da ake yi tun 2016, ya san 'yan Kenya da Habasha da yaran Filato ne ke fara shigowa, amma bayan awa huɗu da biyar masu shigowa kowane iri ne: gajeru, dogaye, masu tumbi, masu furfura. Dukkansu tafiya ɗaya suka yi.

Inda abin ke zama haɗari shi ne lokacin da mutum ya ce bari ya taimaka wa gudun da yunwa. Da farko yakan ji ya yi sauƙi, har saurinsa ya ɗan ƙaru, wannan ne tarkon. Mary Cain 'yar Amurka tana da shekara 17 ta kai zagayen ƙarshe na tseren mita 1,500 a gasar duniya da aka yi a Mosko a 2013. A Nuwamba 2019 ta fito a jaridar New York Times ta bayyana yadda aka matsa mata ta yi ta ramewa don ta ƙara sauri. Ta ce al'adarta ta ɗauke shekara uku, ƙasusuwanta biyar suka karye, gudun ya lalace, hankalinta ya shiga mummunan hali. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya raɗa wa wannan matsala suna RED-S, wato ƙarancin kuzari ga mai wasa: abin da ake ci ba ya isar aikin da ake yi da kuma hidimar jiki ta yau da kullum. Sai jiki ya fara rufe sassa don ya tsira. Ga mace haila ta rikice ko ta tsaya, sinadarin da ke kare ƙashi ya yi ƙasa, ƙashi ya fara tsagewa. Ga namiji sinadarin mazakuta ya ragu, sha'awa ta tafi. Duka biyun sukan yi fama da jin sanyi, yawan mura, saurin fushi, rashin barci da ciwon da ba ya warkewa.

Ina so 'yan'uwa mata su ji wannan da kyau: ɗaukewar al'ada ba shaidar cewa atisaye ya kama jiki ba ce. Idan ta yi wata uku ba ta zo ba kuma ba ciki ba ne, a ga likita. Haka wanda ya wayi gari yana hawa sikeli sau uku a yini, ko yana jin laifi bayan kowace loma, ko yana fita gudu don ya hukunta kansa a kan tuwon jiya, ko ya daina zuwa biki don kada a gan shi. Wannan ya wuce maganar motsa jiki, ciwo ne da ake magani, kuma faɗa wa wani shi ne matakin farko.

Abin da na koma yi bayan ranar tela shi ne na sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Sau biyu a mako ina ƙirga bugun zuciyata na minti ɗaya da farkawa, in rubuta. Sau ɗaya a wata ina bin hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, ba tare da na takura kaina ba, in rubuta mintunan da yadda na ji. Idan na tsaya, ina ƙirga bugun nan take, in sake bayan minti ɗaya. Yadda yake saurin saukowa yana daga cikin alamun da suka fi gaskiya. Ina lura ko zan iya yin magana jimla guda ina cikin gudu, domin yawancin gudun mako a wannan saurin ya kamata a yi shi. Sauran shaidun ba sa bukatar biro: tashi daga tabarma ba tare da dafa ƙasa ba, hawa Dala ba tare da an zauna a tsakiya ba, barcin da ke ɗaukar mutum da ya kwanta. Sikeli na mayar da shi sau ɗaya a wata. Hoto duk bayan wata biyu, da kaya ɗaya a wuri ɗaya, yana taimakon wasu; wanda ya ga yana dagula masa rai ya bar shi.

Littafin ma sai an iya karanta shi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Yamai, bugun zuciya zai hau, sauri zai ragu, ka ɗauka ka koma baya. Jini ne ya rabu biyu, wani kaso ya tafi fata don sanyaya jiki. Jiki yana ɗaukar kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba da zafi, don haka bazara da bazara ake gwadawa, ba bazara da hunturu ba. Azumi ma yana da nasa lissafin. Mace kuma a rabin ƙarshe na zagayen watanta zafin jikinta da bugun zuciyarta sukan ɗan hau, jiki ya riƙe ruwa, gudun ya yi nauyi, sannan ya sake. Ci gaba yana da sauri a wata biyu ko uku na farko, daga nan ya koma tafiyar hawainiya, kuma wannan ba tsayawa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu. Mai fita rabin awa sau uku a mako ya riga ya shiga ciki.

Akwai dai lokacin da tambayar gwaggo ce daidai. Ramar gudu a hankali take zuwa, tare da ƙarin ƙarfi da cin abinci. Idan nauyi na zubewa da sauri fiye da abin da lissafin kilomita zai iya bayyanawa, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko tari ya wuce mako biyu, ko gumin dare, ko gajiyar da hutu ba ya kawarwa, kada a jingina wa gudu. Haka ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya da ke tsalle-tsalle a lokacin gudu. A tsaya, a je asibiti. Ni ma bayan na bar gidanta ranar, washegari na biya aka duba mini suga da hawan jini, na kai mata takardar ta sa jikarta ta karanta mata.